Wai ta yaya Facebook ya kai inda ya kai alhali ba shi ya fara ba?

Abu Maryam:
Assalamu alaikum jama'a. Yau da safe Facebook ya jefo min irin tunatarwar nan tasa ta shekaru kaza da suka wuce, wai ga abin da na rubuta a 2011. Jimla ɗaya ce tal, "barkanmu da safiya abokaina", ba hoto ba komai, laik biyu, ɗaya ma ni na danna wa kaina. Na yi ta dariya ni kaɗai har maiɗakina ta leƙo ta ce lafiya dai ko. To shi ne na zauna ina tunani, na ji an ce kafin shi akwai wasu dandalin da suka fi shi suna ma nesa ba kusa ba. Me ya kashe su, shi kuma me ya raya shi? Injiniya kana kusa?

Ummi:
wslm yaya. laik dinka da kanka kuma 😂😂 ni 2011 ina firamare wlh

Ɗan Bello:
Amsar ai ba ta da tsawo Abu Maryam. Sata ce. Wasu tagwaye ne suka kawo tunanin, suka ɗauki yaron, wato Mark Zuckerberg mai Facebook, ya rubuta musu shafin, ya yi ta ja musu rai yau gobe yau gobe, kawai sai gani suka yi ya buɗe nasa. Shi ke nan tarihin.

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ɗan Bello ka taƙaita da yawa, ka yi mana tsalle daga farko zuwa ƙarshe. Maganar tagwayen gaskiya ce akwai ta, Cameron da Tyler Winklevoss, da abokinsu Divya Narendra, dukansu ɗaliban Harvard ne kuma suna ƙoƙarin gina wani dandali da daga baya aka kira ConnectU. Sun kai ƙara, an yi shekaru ana ja, a 2008 aka yi sulhu aka biya su abin da ya kai dala miliyan 65, wani kuɗi hannu wani hannun jari. Amma sulhu aka yi, kotu ba ta yanke cewa sata aka yi ba. Kuma ko da mun yarda da maganarka, ba ta amsa tambayar da aka yi ba, don tunanin a haɗa mutane da abokansu a intanet ba na tagwayen ba ne, ba na Mark Zuckerberg ba ne. Tun 1997 akwai SixDegrees. Friendster ya zo a 2002, MySpace a 2003. Facebook sai ranar 4 ga Fabrairun 2004, lokacin ma sunansa TheFacebook. Kenan a makare ya zo.

Ɗan Bello:
Wanda bai ci ba zai biya miliyan 65? Ruwa ba ya tsami banza Injiniya

Nafisa:
Ɗan Bello kamfanoni sukan biya don a rufe magana ko da suna ganin za su ci shari'ar, lauyoyi kaɗai sai su cinye fiye da haka. Ban ce yaron waliyyi ba ne fa, abin da ya yi wa abokinsa Eduardo Saverin ma ya isa a yi muhawara a kai, shi ya fara zuba kuɗinsa a harkar amma daga baya aka narkar masa da kasonsa har sai da suka je kotu su ma kafin a daidaita. Amma Injiniya ya yi gaskiya, wannan ba shi ne dalilin girman ba.

Malam Isa:
Salamu alaikum. Ina biye da ku. Ni abin da ban taɓa ganewa ba ma shi ne sunan. Littafin fuska kuma? Wane irin suna ne wannan

Injiniya Kabiru:
Allah gafarta Malam, sunan yana da asali. A jami'o'in Amurka akwai wani ɗan littafi da ake raba wa ɗalibai mai ɗauke da hotuna da sunayen 'yan'uwansu ɗalibai don a san juna, shi ake kira haka. Zuckerberg yana shekara 19 lokacin, kuma kafin wannan ya taɓa yin wata ɓarna a ƙarshen 2003, ya haɗa wani shafi Facemash da ke jera hotunan ɗalibai biyu a ce ka zaɓi wanda ya fi kyau, hotunan kuma ba da izini ya kwaso su ba. Hukumar jami'a ta rufe shi cikin 'yan kwanaki, har ta kira shi ya amsa tambayoyi. Bayan watanni kaɗan shi da abokansa, Dustin Moskovitz da Chris Hughes da Andrew McCollum da shi Saverin ɗin da Nafisa ta ambata, suka fito da wannan.

Malam Isa:
Oh. Ashe tun ran gini tun ran zane, kwasar hotunan mutane ba yau aka fara ba

Ummi:
baba malam ka kasheni 😂

Abu Maryam:
To amma har yanzu ina nan a tambayata fa. MySpace ɗin nan da kuke faɗa, ya girmansa yake lokacin?

Injiniya Kabiru:
Babba ne ƙwarai. A 2005 kamfanin News Corp na Rupert Murdoch ya saye shi da uwar kamfaninsa a kan dala miliyan 580, mawaƙa duk a can suke, matasan Amurka duk a can suke. Ka san nawa aka sayar da shi a 2011? Wajen miliyan 35. Cikin shekara shida.

Ni a fahimtata ga inda bambancin yake, kuma duk wanda bai yarda ba ya zo mu yi. MySpace kowa yana iya shiga da kowane suna, ka kira kanka Sarkin Duniya ka sa hoton zaki ba mai ce maka don me, sannan an bar kowa ya ƙawata shafinsa yadda ya ga dama, sai ka buɗe shafin mutum ka ga bango baƙi rubutu ja taurari suna walƙiya waƙa ta tashi da kanta ba ka nema ba, ga tallace-tallace ko'ina saboda masu shi suna son su mayar da kuɗinsu da wuri. Facebook kuwa ya zo da akasin haka. Ba ka shiga sai da imel ɗin jami'arka, kenan sunanka na gaskiya, kuma wanda ka gani a ciki mutum ne da za ka iya haɗuwa da shi a aji gobe. Shafin kowa iri ɗaya, fari da shuɗi, ba hayaniya. Da farko Harvard kaɗai, cikin wata guda sama da rabin ɗaliban digirin farko sun shiga. A Maris aka buɗe wa Stanford da Columbia da Yale, a haka a haka ana ƙara makarantu ɗaya bayan ɗaya, ɗaliban da ba a kai ga tasu ba suna ta roƙo a zo musu. Kafin ƙarshen 2004 sun kai mutum miliyan 1. A 2005 aka buɗe wa 'yan sakandare. Sai Satumban 2006 aka ce kowa ya shigo muddin ya kai shekara 13 kuma yana da imel.

Hajiya Rabi:
Wato sun ja aji kenan. Ai haka ɗan Adam yake, abin da aka ce ba kowa ke samu ba shi yake bi

Injiniya Kabiru:
Haka ne Hajiya, amma bayan jan ajin akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Buɗewa a hankali ta ba su damar ƙara injinan da ke ɗauke da shafin daidai da yawan masu shigowa. Friendster abin da ya karya shi kenan, jama'a suka yi masa yawa lokaci guda, ka danna shafi ka zauna kana jira ya buɗe kamar mai jiran tsammani, mutane suka gaji suka watse. A ƙarshe sai a ƙasashe irin su Filifins da Malesiya ya rage da ƙarfi. Kuma an ce musu ga dala miliyan 30 daga Google tun 2003 suka ƙi.

Ɗan Bello:
To ai shi ma naku an taya ya ƙi. Bambancin kawai shi ya dace su ba su dace ba, sa'a ce, kada a mayar da ita hikima

Nafisa:
Eh Yahoo ta taya dala biliyan 1 a 2006, yaro ɗan shekara 22 ya ce a'a. Ka tsaya ka auna wannan a ranka Ɗan Bello, biliyan, kana shekara 22, kamfanin bai fi shekara biyu da rabi ba. Ni wlh da tuni na sa hannu. Kuma shekara guda bayan nan Microsoft ta biya miliyan 240 don kashi 1.6 cikin ɗari kacal, wanda ke nuna an ƙiyasta kamfanin a biliyan 15. Akwai sa'a ban musa ba, amma akwai taurin kai mai amfani.

Ummi:
anti nafisa ni ko miliyan daya aka bani na tafi, bazan ma tsaya sallama ba

Malam Isa:
'Yata shi ya sa ba ke aka ba ba 😄 Amma Injiniya ni ina da ja a maganarka. Sunan gaskiya da kake ta yabo, yanzu ina yake? Jiya wata "Gimbiyar Taurari" ta turo min neman abota da hoton fure. Idan sunan gaskiya ne sirrin, ai da tuni ya mutu, tunda rabin mutanen ciki ba sunansu ba ne.

Injiniya Kabiru:
Malam wannan tambaya ce mai kyau kuma ban da cikakkiyar nasara a kanta. Abin da zan ce shi ne sunan gaskiya shi ya kafa tubalin, bayan an kafa kuma wani abu ne daban yake riƙe ginin. Da zarar yayarka da abokin makarantarka da maigidanka na wurin aiki duk suna ciki, fita ta yi maka wuya ko da Gimbiyar Taurari dubu ce a ciki. Dandalin sada zumunta darajarsa ita ce su wa ke ciki. Google da duk kuɗinta da injiniyoyinta ta fito da Google+ a 2011 don ta kayar da shi, kayan aikin ba laifi, wasu ma sun ce ya fi tsari, amma ka shiga ka tarar da gida ba kowa, wa za ka gaisar? A 2019 suka rufe shi. Kafin shi ma suna da Orkut wanda ya yi tashe a Birazil da Indiya, shi ma a 2014 aka rufe.

Abu Maryam:
Wannan kam na shaida. Na taɓa goge nawa da niyyar na huta, sati biyu na dawo saboda an yi wa wani abokinmu rasuwa kowa ya sani ban da ni, da na kira shi bayan kwana biyar kunya kamar na nutse

Nafisa:
Akwai abu ɗaya da Injiniya ya tsallake kuma a ganina ya fi duk waɗanda ya lissafa. News Feed. Wato wannan jerin da kake gani da ka buɗe, wane ya sa hoto wance ta yi aure wane ya ce kaza. Mu da muka shigo daga baya mun ɗauka haka aka halicce shi, alhali shekara biyu da rabi na farko babu shi. Lokacin idan kana son sanin halin da abokinka ke ciki sai ka taka ka je shafinsa da kanka, ka duba, ka fito, ka je na wani, kamar mai zagayen gaisuwa. A farkon Satumban 2006 aka wayi gari kawai an tattaro motsin kowa an jera a gaban kowa. Ɗalibai suka haukace. Ka yi tunani, yarinya ta canza bayaninta daga tana da saurayi zuwa ba ta da shi, jiya sai wanda ya leƙa shafinta zai gani, yau an kai wa mutum ɗari uku labarin har gida. Aka buɗe guruf na adawa da abin, cikin kwana biyu mutum dubu ɗaruruwa suka shiga. To ga abin dariyar, ta ina suka ji labarin guruf ɗin? Ta News Feed ɗin da suke zagi. Shi ya riƙa nuna wa kowa cewa abokinka ya shiga guruf ɗin ƙin News Feed. Zuckerberg ya fito ya ba da haƙuri ya ƙara wasu maɓallan sirri, amma bai cire ba, don ya ga mutane suna zagi kuma suna ƙara daɗewa a ciki.

Injiniya Kabiru:
Na karɓi gyara Nafisa, wannan ya kamata na fara faɗa. Daga ranar ne ya tashi daga kundin sunaye ya koma wurin da ake zama. Sai a 2009 aka ƙara maɓallin Like, wanda shi kuma ya ba su hanyar sanin me kowa ke so ba tare da sun tambaye shi ba.

Ummi:
tsaya tsaya, kenan da can babu laik?? to me mutane sukeyi in sunga hoto

Abu Maryam:
Sai ki rubuta magana da hannunki mana ƙanwata, ko ki wuce. Akwai kuma wani abu wai poke, ka tsokani mutum kawai ba magana, shi ma ya tsokano ka, har yau ban san amfaninsa ba

Hajiya Rabi:
Ni duk wannan na ji. Tambayata ta 'yan kasuwa ce. Tunda na buɗe ba a taɓa cewa na biya ko sisi ba, amma kullum sai na ji ana cewa mai shi yana cikin masu kuɗin duniya. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Ina kuɗin ke fitowa?

Nafisa:
Hajiya wani sanata ma ya yi masa irin tambayarki a zauren majalisar dokokin Amurka a 2018, ya ce masa talla muke sakawa. Amsar kenan. Kusan duk kuɗin shigarsu, sama da kashi 95 cikin ɗari, daga talla ne, kuma a 2023 kaɗai kamfanin ya samu wajen dala biliyan 135. Abin da ya sa tallarsu ke da tsada a wurin masu kaya shi ne ba a watsa ta haka kawai kamar ta rediyo. Mai kaya zai ce ina son mata masu shekara kaza zuwa kaza da ke yankin kaza da suka nuna sha'awar abu kaza, su kuma su kai musu ita daidai. Ina suka san shekarunki da abin da kike so? Ke kika faɗa musu, da laik ɗinki da abin da kika tsaya kallo da wanda kika wuce. Wadda ta gina wannan ɓangaren sosai ita ce Sheryl Sandberg, daga Google aka ɗauko ta a 2008, kafin zuwanta jama'a ce da su amma ba su iya juya ta ta zama kuɗi ba.

Hajiya Rabi:
Au, ashe mu ne hajar. To Allah ya kyauta. Shi ya sa ranar da na duba wani takalmi sau ɗaya ya yi ta bina kamar na ci bashinsa

Ɗan Bello:
Yawwa yanzu aka zo wurin. Tun ɗazu ana ta yabon basira. Ku faɗi ɗaya ɓangaren mana, duk wanda ya taso zai yi gogayya da shi sai ya sa kuɗi ya saye. Instagram fa? WhatsApp fa? Wannan ba gasa ba ce, zuwa da wuri ne da ya fi zuwa da wurwuri

Injiniya Kabiru:
A nan kam ina tare da kai fiye da rabi. Kuma lokacin da aka yi cinikin yana da muhimmanci. Shekarar 2012 ita ce shekarar da ya fi shiga haɗari duk da a cikinta ya cika mutum biliyan 1. Dalili, an gina shi ne don kwamfuta, duniya kuma ta koma waya. Manhajarsu ta waya a lokacin nauyi gare ta ga jinkiri, shi da kansa ya amsa cewa sun yi kuskure a hanyar da suka bi wajen gina ta, kuma kusan ba sa samun komai daga talla a waya. Ana cikin haka ga wata ƙaramar manhajar hotuna ta taso a waya aka haife ta, matasa suna ta tururuwa. A Afrilun 2012 ya saye ta dala biliyan 1. Ma'aikatan Instagram a ranar su 13 ne, kuma ba su fara samun kuɗin shiga ba. Mutane suka yi ta cewa ya haukace.

Nafisa:
Wata guda bayan nan kuma suka shiga kasuwar hannun jari, 18 ga Mayu, a kan dala 38 kowane hannu, aka ƙiyasta kamfanin sama da biliyan 100. Ranar ma sai da na'urorin kasuwar Nasdaq suka samu matsala. Kafin ƙarshen Satumba farashin ya faɗo ƙasa da dala 18, waɗanda suka saya ranar farko sun yi asarar fiye da rabi, jaridu suna ta rubuta cewa kumfa ce ta fashe. Sai da aka fi shekara kafin ya koma 38. Abin da ya ceto su shi ne sun koyi cusa talla a cikin News Feed na waya, tsakanin hoton ɗaurin aure da na suna.

Ummi:
to whatsapp fa nawa aka siyeshi

Nafisa:
Biliyan 19, a Fabrairun 2014. Kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa shi, Brian Acton, ya taɓa neman aiki a Facebook a 2009 ba su ɗauke shi ba. Bayan shekara biyar suka zo suna ba shi biliyoyi. Daga baya ya bar su, ya zuba dala miliyan 50 a Signal, wata manhajar aika saƙo irin WhatsApp, har ya fito a 2018 yana cewa mutane su goge Facebook.

Malam Isa:
Ikon Allah. Wanda aka hana aikin gadi ya dawo ana sayen gidansa

Ɗan Bello:
Kuma wanda ya ƙi sayarwa sai a kwafe shi. Snapchat an taya biliyan 3 suka ƙi, ba a daɗe ba sai ga Stories a Instagram a 2016, abu iri ɗaya sak har sunan. TikTok ya taso sai ga Reels. Ni fa ban ce ba su da ƙoƙari ba, amma a daina ce min kowace nasara daga ƙwaƙwalwarsu ta fito. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ma ai ta maka su a kotu a 2020 kan sayen Instagram da WhatsApp ɗin nan.

Injiniya Kabiru:
Ba wanda ya ce haka Ɗan Bello. Ni dai ina raba tarihin gida biyu. Daga 2004 zuwa wajen 2010, lokacin da suka kai miliyan 500, da kyawun abin da suka gina suka ci, MySpace ya fi su kuɗi suka wuce shi. Daga 2012 zuwa yau kuma da aljihu da kwafi suke tsare gidan. Kai kana kallon rabi na biyu kana yanke hukunci a kan duka.

Abu Maryam:
Ni akwai abin da nake so a taɓo, mu da muka fara da rakani-kashi. Ban taɓa buɗe Facebook a kwamfuta ba sai da na yi shekara uku ina amfani da shi. Da Opera Mini nake shiga a wata 'yar waya mai maɓalli, allon bai fi akwatin ashana ba, idan zan rubuta harafin s sai na danna lamba 7 sau huɗu, hoto kuma kashe shi nake yi gaba ɗaya don kada data ta ƙare, sai dai na karanta a ƙasa ana cewa masha Allah kin yi kyau na yarda da su kawai. Lokacin ma 2go ne ke tashe a wurinmu, Facebook na manya ne.

Injiniya Kabiru:
Wannan da ka faɗa shi ne labarin biliyan na biyu ai. Biliyan na farko ya ɗauke su shekara takwas, na biyu bai kai biyar ba, a Yunin 2017 suka cika, kuma mafi yawansu ba daga Amurka ko Turai suka fito ba, can kusan duk mai shiga ya riga ya shiga. Daga Asiya da Afirka da Kudancin Amurka ne. Kuma ba haka kawai ya faru ba, sun bi mutane har inda suke. A 2010 suka fito da wani nau'i na rubutu zalla da suka yi yarjejeniya da kamfanonin waya a shiga kyauta. A 2015 suka fito da Facebook Lite don ƙananan wayoyi da wuraren da sabis ba shi da ƙarfi. Sun fassara shi zuwa harsuna da yawa, kuma masu amfani da shi ne suka yi musu yawancin fassarar. Sai shirin Free Basics, wanda Indiya ta hana a 2016 don ta ce bai kamata kamfani ɗaya ya zaɓa wa talaka wane ɓangaren intanet zai gani kyauta ba. Shi 2go daga Afirka ta Kudu ya fito, don ƙananan wayoyi aka yi shi, da aka koma manyan wayoyi WhatsApp ya kwashe masa jama'a.

Malam Isa:
To amma wannan saurin bai zo da ɓarna ba? Na taɓa jin maganar Myanmar

Nafisa:
Ya zo da ita Malam, babba ma. A can mutane da yawa Facebook shi ne intanet ɗinsu gaba ɗaya, aka yi ta yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya a kai, kamfanin kuma ba shi da isassun ma'aikata masu jin harshen da za su tace. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci rawar da ya taka, shi ma kamfanin a 2018 ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A shekarar ce kuma maganar Cambridge Analytica ta fashe, bayanan mutum har miliyan 87 suka faɗa hannun wani kamfanin harkar zaɓe ta hanyar wata 'yar manhajar tambayoyi, wanda ya amsa tambayoyin ba nasa kaɗai aka kwasa ba har da na abokansa da ba su san ana yi ba. A 2019 aka ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Hajiya Rabi:
Duk wannan kuma ba a cire shi daga kujerar ba? A wani wurin ai da tuni masu hannun jari sun sallame shi

Nafisa:
Ba za su iya ba Hajiya. Hannun jarin iri biyu ne, na kasuwa ƙuri'a ɗaya, irin nasa kuma kowane ɗaya ƙuri'a 10. Don haka ko da kasonsa na dukiyar bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, shi ke da rinjayen ƙuri'a. Sai dai ya sauka don kansa.

Ummi:
nidai gsky duk wannan tarihin naku, a cikin kawayena ba mai bude facebook sai in zata duba wani abu a guruf. muna tiktok da insta. facebook na su yaya ne da su baba malam, kuyi hakuri 🙈

Malam Isa:
Mai laya kiyayi mai zamani. Mun gode 'yata, an mayar da mu kayan tarihi

Ɗan Bello:
Kun ji ko. Yadda MySpace ya tafi haka shi ma zai tafi, lokaci ne

Injiniya Kabiru:
Ummi insta ɗin da kika gudu kika koma na wa ne? 😄 Gida ɗaya ne kika canza ɗaki. Shi ya sa ma a Oktoban 2021 suka canza wa uwar kamfanin suna zuwa Meta. Ɗan Bello kuma tun 2012 ake yi masa wannan jana'izar. Gaskiya ne a farkon 2022 sun sanar da cewa masu shiga kullum sun ragu a karon farko a tarihinsu, rana guda darajar kamfanin ta faɗi da sama da dala biliyan 200, amma a 2023 masu shiga duk wata sun haura biliyan 3. Kuma ka tuna China ta toshe shi tun 2009, kenan ba da su aka yi wannan lissafin ba.

Abu Maryam:
Wa ya tuna ranar da suka ɗauke gaba ɗaya? Facebook da WhatsApp da Instagram lokaci guda

Hajiya Rabi:
Ni zan manta? Na kashe wayar na kunna ya fi sau biyar, na cire layi na goge shi da gefen mayafi na mayar, har na sake sayen data a kan wadda nake da ita

Injiniya Kabiru:
4 ga Oktoban 2021, wajen awa shida. Wani gyara suka yi a na'urorinsu ya goge hanyar da sauran intanet ke bi ta same su, kamar a cire sunan unguwa daga taswira gidajen suna nan amma ba mai iya zuwa. Telegram ya ce ya samu sababbin mutum miliyan 70 a ranar.

Ɗan Bello:
Ni ina cikin miliyan 70 ɗin

Nafisa:
To yanzu a ina kake rubuta mana wannan? 😂

Ɗan Bello:
Wannan kuma wata magana ce daban

Malam Isa:
An kira sallah a nan, sai na dawo. Abu Maryam ka turo mana hoton rubutun nan naka na 2011 mu ƙara maka laik ya zama uku